Faifai da Rumbu

Ƙarfe tara aka kawo wuta.
Na yaye tsohon zanen da nake rufe ta da shi,
na danna, na ce bismillah.
Shekararta goma sha huɗu a ɗakin nan na Tudun Wada,
da kuɗin sallamar Baban Nafi'u muka saye ta,
Allah ya jiƙansa, shi ya ɗauko ta a ka daga bakin titi.

Ta yi tari, fankarta ta yi gurnani.
Na dafa shayi na dawo, ba ta gama miƙa ba.
Shafi sittin na Rifkatu 'yar Biliri ke jirana,
gobe da hantsi malaminta zai karɓa,
ta biya rabi, rabin kuwa tuni ya shiga tukunya.

A shafi na sha tara kibiya ta kafe.
Na girgiza linzami, na ƙwanƙwasa shi a tebur,
sai wani ɗan zobe ke ta zagaye
kamar akuya a turke.
Can saƙo ya faɗo tsakiyar allo,
wai ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan.

Ni za ki gaya wa?

Na hau shara ba ji ba gani.
Hotunan sunan jikar Dudu, ɗari uku, na goge,
karatun da na saurara har na haddace, na goge,
na juye kwandon.
Ko gezau.
An yi ba a yi ba, hotuna sun tafi a banza.

Na buga wa Bappayo na Tashan Dukku,
ya ɗauka da muryar barci:
"Inna, rumbu daban, faifai daban.
Rumbunki da sauran wuri.
Faifan ne ƙarami, kin kuwa zuba masa
gero da dawa da wake a tashi ɗaya.
Haɗa maɓallan nan uku da na nuna miki,
ki karanto mini wa ke cin me."

Na gyara tabarau.
Ashe gidan cike yake da baƙi ban sani ba.
Tagogi sha bakwai Nafi'u ya bari a buɗe,
rabi ƙwallo, rabi neman gurbin karatu.
Masu gadi biyu na kashe ƙwayar cuta,
kowanne ya tsare ɗan'uwansa yana caje shi.
Can ƙasa kuma, shiru-shiru,
manhajar firintar da ta mutu tun bara,
kullum aka kunna sai ta tashi
ta lalubi wayar, ta jira amsa.

"Rufe, Inna. Sallami mai gadi ɗaya.
Ki kashe, ki ƙirga goma, ki tayar.
Ran Asabar ki kawo ta in ƙara mata ram,
akwai na hannu, giga biyu, ba zan tsawwala ba."

Na rufe su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai kora kaji akurki da magariba.
Fanka ta sassauta murya.
Da ta dawo, shafi biyu sun salwanta,
na sake buga su, yatsuna sun fi ni tuna hanya.

"Ta firintar fa, kin cire?"
Na ce masa dare ya yi, ya kwanta.

Ƙarfe biyu saura na kai shafi na sittin,
na adana sau uku, don wanda maciji ya sara
in ya ga tsumma sai ya gudu.
Na miƙa hannu ga shayi, ya huce.
Kofi biyu ne a tebur.
Ban san sa'ad da na zuba na biyun ba.

Ita dai ba ta cin wuri sosai.
Na bar ta ta ci gaba da jira.